TAFIYARMU ZUWA USHAFA, GARIN MAGINA TUKWANE

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma mu kam, in za mu faɗi gaskiya, ba neman ilimi ya tashe mu daga Kaduna ba. Akuya ce ta tashe mu, da kuma gardamar kayan ɗakin amarya.

Ga yadda abin ya faru. Muna da wata jar akuya wadda ta shekara biyar a gidanmu, kusan kowace haihuwa tagwaye take yi. Da kuɗin 'ya'yanta muka sha biyan kuɗin makarantar yara. Wajen ƙarshen rani sai muka ga tana ramewa, ciki kuwa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Aka ba ta dusa da kanwa, aka kira mai maganin dabbobi ya yi mata allura, duk a banza. Da muka ga za ta mutu a hannunmu, sai muka aika aka kira mahauci. Yana farke tumbin sai ya ɗaga kai ya ce, "Maigida, ku zo ku ga abin da ya cinye muku akuya."

Ledoji ne, baƙaƙe da farare, sun cuɗe sun zama dunƙule guda kamar gammo, har da zaren buhu a ciki. Abinci ba shi da wurin zama. Ashe yunwa ce take cinta, alhali kuwa kullum bakinta yana motsi. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, ledojin nan ba daga wani gari suka zo ba. Namu ne. Ledar ƙosai mai maiƙo, da ta gishiri, da wadda aka naɗe sauran tuwo, mu muka yar da su a bayan madafa.

Gardamar kayan ɗaki

A daidai kwanakin nan ne ake shirin auren babbar 'yarmu. Ita da ƙawayenta sun rubuta jerin kayan ɗaki, shafi biyu cur: bokitai, da baho manya da ƙanana, da kwandunan tufafi, da kwandon albasa, da mazuban gari da na shinkafa, da jarkoki, da kofuna. Muka duba, kusan duka na roba ne.

Kaka, wato mahaifiyar maigida, tana zaune a gindin mangwaro tana jin ana karantawa. Da aka gama sai ta nuna randar da take cikin ɗakinta, ta ce, "Waccan da ita aka kai ni gidan kakanku. Ta haura shekara hamsin. Ku kuwa je ku bayan madafa ku ƙirga mini bokitan da suka fashe muku." Ƙanen amarya ya ruga ya ƙirga. Bakwai ya samu, ban da baho biyu da rana ta cinye har suna ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa.

Amarya ta ɓata rai, ta ce, "Haba Kaka! So kike ƙawayena su zo ganin ɗaki su tarar da ƙwarya da tulu, su ce an auro 'yar ƙauye?"

Magana ta yi tsawo, ba wanda ya ja baya. A ƙarshe uwargida ta ce tun da gani ya kori ji, a je inda ake yin kayan nan a gani da ido, sa'an nan amarya ta zaɓa da kanta, ba tilas. Muka shirya mu huɗu, mu da uwargida da amarya da ƙanenta. Kaka ta ce ƙafafunta ba za su iya ba, amma a kawo mata tsarabar moɗa.

A cikin jirgin ƙasa

Da sassafe muka shiga jirgin ƙasa a Rigasa. An buɗe wannan hanyar dogo ta Kaduna zuwa Abuja a shekarar 2016, tsawonta kilomita 186. Muka zauna kusa da taga. Gonaki sun bushe, sai kututturen dawa da itatuwan ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi. Amma duk inda jirgin ya gifta kusa da gari, tun kafin mu ga rufin gidaje mukan san mun iso, gama ledoji ne suke fara tarbar mu. Sun maƙale a ƙaya, sun rataye a kan geza, iska tana kaɗa su. Yaron ya ce da farko ya zaci hankaki ne suka sauka.

Muka tuna cewa sa'ad da muke yara ba haka hanya take ba. In an aike ka sayen ƙosai, da ƙoƙo kake tafiya. Mai nama a takarda ko ganye yake naɗe maka. Mai zuwa kasuwa yana da sanhonsa. Abin da aka yar kuwa, kafin damina ta fita ya zama ƙasa.

Robar nan ba tsohuwar aba ba ce. Daga man fetur da iskar gas ake yin galibinta. A Ingila aka gano irin wadda ake yin leda da ita a shekarar 1933. A 1950 duk robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba, amma yanzu ana ƙera fiye da tan miliyan 400 kowace shekara. Abin da ake sake narkarwa a yi wani abu da shi kuwa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran fa? Waɗansu a ƙone, waɗansu a binne, waɗansu su bi kwata su toshe ta, waɗansu kuma su ƙare a cikin akuyar wani. Roba ba ta ruɓewa kamar kara ko ganye. Rana takan gasa ta ta yi ta farfashewa, tana ƙanƙancewa har ido ya daina ganinta, amma tana nan cikin ƙasa da ruwa.

Saboda haka ne waɗansu ƙasashe suka kafa doka. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa a lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, Kenya kuma a 2017. Amma doka a takarda take. Abin da uwargida ta riƙa a hannu ranar kasuwa, shi ne yake tabbata.

Mun iso Ushafa

Muka sauka a tashar Kubwa, muka shiga mota zuwa Dutse, daga nan muka kama hanyar Bwari. Ushafa tana gindin duwatsu, ba nisa da madatsar ruwa ta Usuma wadda birnin Abuja yake sha daga gare ta. Ƙasar Gbagyi ce, mutanen da Hausawa suka saba kira Gwari, ko da yake su sun fi son a kira su da sunansu na ainihi. Manoma ne na gaske, masu doya da dawa. Matansu kuwa, bisa ga al'adarsu ta tun dā, a kafaɗa suke ɗaukar kaya cikin babban masaki, gama suna girmama kai. Garin ya ƙara yin suna tun watan Agusta na shekarar 2000, sa'ad da shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya kai ziyara can. Amma tun kafin wani baƙo ya zo, matan nan suna ginin tukwanensu.

Muka yi sallama a wata rumfa inda mata suke aiki. Ga randuna a jere, ga tuluna, ga tukwanen miya, ga kasake, waɗansu ɗanye suna shan iska a inuwa, waɗansu an gasa sun yi ja da baƙi-baƙi. Wata dattijuwa ta amsa mana da Hausa sarai, ta sa aka kawo mana benci.

Uwargida ta ce, "Sannu da aiki, Mama. Mun zo daga Kaduna ne mu ga yadda ake yi."

Ta ce, "Maraba da ku. Kallo kyauta ne, 'yata. In kun ga ta saye, sai mu yi ciniki."

Yumɓun, in ji ta, haƙo shi ake yi a kawo gida, a jiƙa, a daka, a tsince tsakuwa. Sa'an nan a daka tsingaron tsofaffin tukwane ya yi laushi a cuɗa a ciki, domin kada tukunya ta tsage in ta ji wuta. Wato ko fasasshiyar tukunya ba ta zama shara ba, cikin sabuwa take komawa. Muka dubi juna, muka tuna da bokitanmu bakwai.

Sai ta ɗauki curi guda ta aza a kan wani gindin turmi. Ta nutsa hannu a tsakiya ta yi rami, ta fara jan yumɓun sama. Abin mamaki, tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce take kewaya ta a sunkuye, tana tafiya da baya-baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. In yumɓu ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora a baki, ta shafe. Ba ma'auni, ba zane, amma cikin tukunyar ya fito daidai ta kowane gefe kamar an auna. Kayan aikinta duka ba su cika tafin hannu biyu ba: sakaina ta kankare ciki, da jiƙaƙƙen tsumma na gyaran baki, da ɗan guntun igiya tuƙaƙƙiya wadda take mirginawa a kafaɗar tukunya ta bar ado, da tsinken zane.

Amarya, wadda tun daga Kaduna take latsa wayarta, sai ga ta a tsugune. Dattijuwar ta miƙa mata curi ta ce, "Gwada, amarya." Ta gwada. Abin da ya fito bai yi kama da tukunya ba, bai yi kama da kasko ba. Matan suka yi ta dariya, ita ma tana yi. Dattijuwar ta ce, "Kada ki ji kunya. Ni ma tawa ta fari haka take. Ina da shekara kamar tara gwaggota ta fara koya mini."

Gashi kuwa a fili ake yi. In tukwane sun bushe sarai, sai a jera su bisa itace, a rufe da ciyawa da kara, a cinna wuta. In an janye su da dogon sanda suna da zafi, akan yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa. Shi ne yake ba su duhun nan mai sheƙi, yana kuma ƙara toshe jikinsu. A garin akwai kuma masu aikin zamani, da keken juya yumɓu da tanderun gashi, suna yin kofuna da farantai da tukwanen furanni.

Matar da take bayan Naira ashirin

Ba a maganar tukwanen Gbagyi a bar Ladi Kwali. An haife ta a garin Kwali wajen shekarar 1925, ta koyi gini tun tana yarinya kamar yadda matan nan suka koya. Tukwanenta sun yi kyau har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara waɗansu a fadarsa. A can wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari a wurin. Ta koyi aikin keke da tanderu, amma ba ta yar da na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu. Aka kai ta Ingila da Amurka tana nuna aikinta a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Muka lalubo tsohuwar takardar Naira 20 a jaka muka nuna wa yaran. A gaba ga Janar Murtala Muhammed, a baya ga Ladi tana gini. Yaron ya shafa takardar, ya murza ta, sai ya ce, "Baba, ai wannan ma leda ce!" Gaskiyarsa kuwa, gama tun 2007 da wata irin roba ake buga Naira 20. Maginiyar yumɓu a kan roba! Muka yi dariya, amma abin ya tsaya mana a rai.

Amarya ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta ce kome ba, mu ma ba mu ce ba.

Me ya sa ruwan randa yake sanyi?

Rana ta take, aka kawo mana ruwa daga randa. Sanyi ƙarara, da ɗan ƙamshin ƙasa. Ruwan da muka zo da shi a gorar roba kuwa ya yi ɗumi kamar na wankan jariri.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jikin randa yana da 'yan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin da yake ciki. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum. Shi ya sa randa ta fi aiki a inuwa inda iska take ratsawa, ta kuma fi sanyi da rani sa'ad da iska take a bushe.

Da wannan hikima ce wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa abin da ake kira tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Kowa yana iya yi a gida. A sami tukwane biyu, babba da ƙarama. A zuba rairayi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi sosai. A zuba tumatir ko attarugu ko yalo ko alayyafo a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Safe da yamma a ƙara wa rairayin ruwa. Kayan miyar da suke yaushi cikin kwana biyu ko uku sukan yi kwanaki da yawa garau, ba lantarki, ba kuɗin mai. Uwargida, wadda firjinta ya zama kabad saboda rashin wuta, nan take ta zaɓi tukwane biyu masu shiga juna.

Dattijuwar ta koya mana yadda ake zaɓe. A ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa. In ta yi ƙara tangaran, ta gasu, ba tsaga. In ta yi dum-dum kamar an bugi kabewa, a ajiye ta. Sabuwar randa kuma a cika ta a zubar sau biyu ko uku kafin a fara sha.

A rumfar masu ƙwarya

Kashegari muka shiga kasuwar Bwari neman sauran kaya. Sai da muka ratsa layi uku na kayan roba, ja da shuɗi da kore, kafin muka sami rumfar wani tsoho a can ƙurya. Ya jera masakai da ƙore da ƙoƙuna da ludaya, ya rataye faya-fayai da kwanduna da tabarmin kaba, ga adudu biyu a gefe ƙura ta rufe su.

Ya ce, "Alhaji ko malam, me za a ba ku?" Muka ce kayan ɗakin amarya muke dubawa. Ya tashi tsaye, ya ce rabonsa da jin wannan magana an daɗe.

A bakinsa yaranmu suka fara jin cewa ƙwarya da gora da ludayi duk 'ya'yan duma ne, shuka su ake yi kamar kabewa, kowane iri da siffarsa. In sun ƙosa sun bushe sai a fafe, a kankare cikin, a jiƙa kwanaki har ɗacin ya fita. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya. In ƙwarya ta tsage, akwai gyartai mai ɗinke ta. In ta fashe gaba ɗaya, sakainar ta yi kwasar shara ko kankarar tukunya. In ta gama wannan ma, ta koma juji ta zama taki. Kaba kuwa ganyen goruba ce. Ya ce ita ma tana son hankali, gama in aka yi ta yanke ƙananan ba hutu, ba za su tashi su zama itatuwa ba.

Amarya ta ɗaga wani adudu ta hure ƙurar, ta buɗe murfin ta rufe. Ta ce, "Baba, nawa wannan?" Ya faɗa. Ya fi kwandon roba tsada, amma ba da yawa ba. Ya ce, "'Yata, tufafi suna son iska. Ki sa zane a roba ki rufe da damina, ki buɗe ki ji wari. A nan kuwa numfashi yake yi." Ta saya da kuɗinta, ba mu sa baki ba.

Komawa gida

Muka ɗauki shatar mota saboda kaya, aka shimfiɗa ciyawa, aka jera tukwane, aka cusa ciyawa a tsakaninsu. Muka biyo ta Zuba, muka wuce Dutsen Zuma yana tsaye a gefen hanya kamar an kife babbar tukunya. Bayan Tafa direba ya faɗa wani rami, muka ji ƙas! Tulu guda ya tafi. Yaron ya ce, "To, da jarka ce da ba ta fashe ba." Ba mu yi masa musu ba, gama gaskiya ya faɗa. Kowane abu da halinsa. Tsingaron dai muka zo da shi gida, yanzu kaji suke shan ruwa a ciki.

Mun yi wata shida ke nan muna gwadawa, ga abin da muka gani, ko zai amfani wani gida.

Ba mu kwashe robobinmu mun zubar ba, gama wannan ɓarna ce a kan ɓarna. Mai kyau muna aiki da ita har ta mutu, in ta mutu sai mu maye gurbinta da abin gida. Fasassun kuwa mun tara mun sayar wa 'yan jari-bola.

A madafa, albasa da dankali da doya suna cikin kwandunan saƙa, a ɗage daga ƙasa, sun kuwa rage ruɓewa tun da suna shan iska. Gishiri da daddawa da kuka da barkono kowanne yana cikin ƙoƙonsa, an rufe da faifai. Maigida ya ɗaura ragaya biyu a jikin rufi, can ake rataye abin da ake tsoron ɓera ko kyanwa. Muciya da ludayi da maburgi suna tsaye cikin wata 'yar tukunya mai tsagaggen baki. Soson wanke-wanke ma mun koma na yaɗo wanda yake hawa danga. A ɗaki, tufafi suna cikin adudu, kayan ɗinki a cikin ƙwarya, takalman yara a kwando bakin ƙofa. Jakar kasuwa tana rataye a ƙusa kusa da ƙofar fita, domin mai fita ya gan ta. Wanda aka aika sayen ƙosai ko koko, da kwano yake tafiya.

Abu biyu muka hana sam. Ba a hura gawayi da leda, gama hayaƙinta guba ne ga mai girki da yaron da yake bayanta. Ba a kuma kwashe tuwo mai zafi ko dafa alala a cikin leda. Tuwo a kwano ko akushi, alala a gwangwani ko ganye.

Amma kada mu ruɗe ku, kayan gida suna son kula. Randa tana sanyaya ruwa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi tukuna. A rufe randa kullum, a wanke ta a ƙalla sau ɗaya a mako saboda sauro da gansakuka, a ɗebi ruwa da moɗa mai dogon hannu, kada kowa ya tsoma kofin da ya kafa wa baki. Ƙwarya in an wanke a kife ta a rana ta bushe, in ba haka ba ta yi fumfuna. Kwando da tabarma kada su kwana a ƙasa mai laima, gara ba ta da kunya.

Akwai kuma inda roba ta yi rana, ba za mu ɓoye ba. Gidan sauronmu na roba ne, ba kuwa za mu rabu da shi ba. Waken da muka noma yana cikin buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa tam, ƙwari su mutu don rashin iska ba tare da an zuba magani ba. Bututun famfo da kwalbar magani duk suna da amfaninsu. Wadda ta dame mu ita ce ta yini ɗaya, wadda ake karɓa da safe a yar da ita kafin azahar, ta kuwa fi mai yar da ita daɗewa a duniya.

Ranar ganin ɗaki

An yi biki lafiya bayan kaka. A ɗakin amarya akwai bokiti biyu na roba da baho guda, ba mu hana ba. Amma a bayan ƙofa ga randar Ushafa a kan gammonta, an rufe da faifai mai ja da baƙi. Ga adudu a gindin gado, ga ƙore uku masu zane a jere bisa kanta. Ƙawayen da ake tsoron dariyarsu suka shigo. Ɗaya ta sha ruwan randar, ta ƙara, sa'an nan ta tambaya a ina aka sayo, ko za a iya yi mata saƙo.

Kaka tana zaune a bakin gado da sabuwar moɗarta. Ta dubi jikarta ta ce, "To, 'yar ƙauye, yaya?" Amarya ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Mun sayi wata akuya, baƙa mai farin goshi. Kowace yamma kafin a sake ta, yara sukan kewaya tsakar gida da bayan madafa su tsince abin da iska ta kawo daga waje, gama na maƙwabta har yanzu yana shigowa. Mun fara yi musu magana a hankali, gida biyu sun riga sun karɓa.

Masu karatu, in kun sami sarari yau, ku leƙa bayan madafarku ku ƙirga, kamar yadda Kaka ta sa mu. Sa'an nan in ranar kasuwa ta zo, ku nemi rumfar tsohon nan mai ƙwarya da faifai. Kowace kasuwa tana da irinsa, can a ƙurya. Ku je tun yana nan.